Wa Ke da Tsohuwar Kujera?

Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kujeru masu ado. Sukan bi ƙauyuka da kasuwanni, su sayi kujera 'yar tsugunno irin ta Nupawan Bida, wadda aka sassaƙa daga gungume guda da ƙafafu masu yawa, su goge ta, su adana inda hannu ba ya kaiwa. Abin tambaya shi ne, wanda ya biya kuɗin nan ya mallaki kujerar ke nan, ko kuwa itace kawai ya saya?

A 1900 gwamnan mulkin mallaka na Ingila, Frederick Hodgson, ya je Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Asante ya zauna a kai. Alhali ko Sarkin Asante ba ya hawanta, domin a wurinsu ruhin al'umma ne a cikinta. Maganar nan ta rura wutar yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta. Mutane suka ba da rayukansu saboda abin da shi baƙon ya ɗauka wurin zama ne kawai. Ashe darajar kujera tana ga waɗanda suka zauna a kanta da waɗanda suke girmama ta, wannan kuwa ba a cinikinsa.

Duk da haka, kada mu yi wa masu tarawa rashin adalci. Kujeru nawa ne gara da damina suka cinye a bayan ɗakunanmu? Mu da kanmu muka jefar da kujerar kaka, muka rungumi ta roba. Wanda ya tsince ta ya kiyaye, ai ya cancanci godiya.

Sai dai mai kiyayewa ɗan amana ne. Haƙƙi ne a kansa ya binciki yadda kujerar ta bar gidansu, ya rubuta sunan garinta, ya bar jikokin masu ita su gan ta. In kuwa ta tabbata ƙwace ce, ya mayar. Haka Faransa ta yi a 2021, da ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan tarihi 26, ciki har da karagun Sarki Gezo da Sarki Glele, waɗanda sojojinta suka kwashe a 1892. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.