Ɗana, Juya Tayoyin Nan Tun Ba Su Suɗe Ba

Ɗana, Allah Ya sanya albarka a Hilux ɗin nan, Ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Ran nan da ka tsaya a Karaye mutane suna shafa fenti suna yaba fitilu, ni durƙusawa na yi na shafa tayar gaba ta dama. Kafaɗarta ta waje ta fara sulɓi, alhali ta bayanta zanenta yana nan raɗau. Shi ya sa na ce bari in ja kunnenka tun da sauran gyara.

Tayoyin huɗu ne, amma wahalarsu ba ɗaya ba ce. Na gaba su ke ɗauke da inji, su ke karya kwana, in ka taka birki kuma kansu nauyi yake komawa, don haka ta kafaɗa suke cinyewa. Na baya su ke tura motar, su ke ɗaukar buhunan masara da damman rake da kake lodawa daga Rogo. Na dama sun fi kowa shan wuya: tun 1972 da ƙasar nan ta koma bin hannun dama, su ke bin gefen da kwalta ta gutsure, su ke sauka ƙasa in tirela ta matse ka a hanyar Gwarzo. Mahaifiyarka tana juya katifa don kada gefe guda ya lotse. Taya ma haka take so.

Ga yadda ake yi. Na baya su dawo gaba, kowace a gefenta. Na gaba su koma baya a gicciye, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In tayar ajiyarka girmansu ɗaya da sauran, kada ka bar ta tana tsufa a ƙarƙashin bodi ba ta taɓa taka ƙasa ba. Sa ta a baya ta dama, ta gaba ta hagu ta je ta huta. Amma duba jikin tayar tukuna. In ka ga kibiya, wannan gefe ɗaya aka yi ta ta riƙa juyawa, gaba da baya kawai za ka sauya mata. Masu ƙera taya suna cewa a yi haka duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Na san mitar motoci da yawa a nan ta daɗe da mutuwa, to ka riƙe lokaci biyu: kafin ruwa ya sauka, da kuma bayan an gama kwasar amfanin gona.

Za ka ce ai ƙaramar mota ma ana juya mata. Gaskiya ne, amma taka ta fi bukata. Da ka sa fowil, wato giyar da ke sa duka tayoyin huɗu su ja motar, gaba da baya sun ƙullu ke nan, dole su juya tare. To suɗaɗɗiyar taya ta fi sabuwa ƙanƙanta, zagayenta bai kai na sabuwa ba. Wannan tana son gudu, waccan tana jan ta baya. A cikin taɓo santsi yana raba musu gardama. A kan busasshiyar ƙasa ko kwalta babu mai rabawa, sai haƙoran giya su biya. Ni na biya wannan kuɗin makarantar. Wata damina na sa sababbi biyu a gaba, na bar tsofaffi a baya, na fito daga lakar wani ƙauye kusa da dam ɗin Challawa na manta ban cire fowil ba har na yi nisa a kan titi. Sitiyari ya yi tauri, ƙarƙashin mota yana gurnani, ni kuwa ina zargin hanya. Abin da na kashe a Ƙofar Ruwa wajen neman kayan gyara da ya saya mini tayoyin da na yi wa ƙyashi. Ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina.

Kuma ka san taya ba ta araha. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas. Yanzu daga waje ake kawo mana, duk tarin da dala ta yi sai taya ta yi atishawa. Wannan ne yake tura mutane wajen 'yar Beljiyam, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita. In har ta kama dole, karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana mutuwa ko zanenta bai taɓu ba, balle a zafin bazararmu.

Ranar juyin kada ka miƙa wa mai faci mukulli ka tafi shan shayi. Tsaya a kansa. A ciro tsakuwa da ƙusa daga cikin zane. A gwada iska da ma'auni tun tayar ba ta ɗau zafi ba, ba da dukan sifana a saurari ƙara ba; adadin da ake so yana rubuce a jikin ƙofar direba. In ka ga wata ta ci gefe guda sosai, juyi ba zai warkar da ita ba, kai motar a duba saitin ƙafafun gaba. Notuna kuma a ɗaure su a gicciye, a ƙarasa ɗaurin bayan an sauke jak. In ka taso daga Kwanyawa za ka Kano, ka tsaya a Gwarzo ka sake bin su da sifana ɗaya bayan ɗaya.