Amanar Marubucin Shaida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Ta yi umurni a rubuta, a kafa shaidu, marubuci ya yi adalci, wanda ake bi bashin shi zai faɗi abin da za a rubuta.

Wannan aiki ne ma'aikacin da ake kira notaire da Faransanci yake yi a yau: yana tabbatar da ko su wane ne masu ƙulla ciniki, ya karanta musu takarda, su sa hannu da yardarsu, ya buga hatimi, ya adana asalinta. Idan tsoho ko majinyaci ya kasa fita, marubuci kan je masa gida ko asibiti. A nan amana take ƙara nauyi. Wajibi ne ya tabbata mutumin yana cikin hankalinsa, ba wanda ya tilasta masa, domin sa hannu ɗaya yana iya raba marayu da gonar ubansu.

Kada kunya ta hana ka rubuta ciniki ko da da ɗan'uwanka ne. Mai shaida yana mantuwa, yana mutuwa, takarda kuwa tana nan. Zumunci nawa ya yanke saboda fili da aka sayar da baki?

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, amin.