Shaidar Zur Mai Taurari Biyar

Idan ka taɓa neman masauki ko gidan abinci a wayarka a garin da ba ka san kowa ba, ka san inda idonka yake fara sauka: kan taurarin da ke ƙarƙashin sunan wurin, da abin da waɗanda suka riga ka zuwa suka rubuta. Ba ka san su ba, amma da maganarsu kake yanke shawarar inda iyalinka za su kwana. A shekarar 2012 kamfanin Yelp na Amurka, wanda aikinsa ke nan tattara irin wannan sharhi, ya fara liƙa gargaɗi a shafin wuraren sana'ar da ya kama suna sayen yabo da kuɗi. Gargaɗin kan zauna kwana 90, duk wanda ya buɗe shafin sai ya fara cin karo da shi. Google ma ya bi sahu a wasu ƙasashe, yana sanar da mutane cewa an cire sharhin bogi daga shafin wani wuri.

To, wanda ya yabi abin da bai taɓa gani ba, wa ya cuta? Doka ta tara a Fitowa 20 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, mu kuwa da mun ji wannan sai tunaninmu ya tafi ga Nabot, wanda Yezebel ta sa aka samo mutum biyu suka yi masa ƙarya, aka jejjefe shi domin Ahab ya sami gonar inabinsa. Wannan mun yarda mugunta ce, gama an zubar da jini. Amma yabo? Ba a zagi kowa ba, ba a ɓata sunan kowa ba. Har muna iya ce masa taimako.

Ka dubi abin da ya faru a Landan a 2017. Wani marubuci mai suna Oobah Butler ya yi wa rumfar da yake zaune a ciki rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci, ya sa mata suna The Shed at Dulwich. Babu tukunya, babu mai dafuwa. Abokansa suka dinga rubuta yabo, shi kuma duk wanda ya kira neman wuri sai ya ce masa an cika. Cikin wajen wata 6 rumfar ta zama ta ɗaya a jerin gidajen abinci fiye da 18,000 na birnin. Ya yi haka ne don ya tona asirin tsarin, mutane kuma suka yi dariya. Sai dai kafin gidan da babu shi ya hau sama, dole kowane gida na gaske ya sauka mataki ɗaya, har da na wadda take tashi da asuba ta hura wuta.

Ashe yabon ƙarya ma yana da maƙwabcin da ake yi a kansa, har biyu. Na farko baƙon nan ne da ya ba da gaskiya gare ka domin ba shi da wani mai gaya masa. Na biyu mai sana'ar da ya ƙi sayen yabo, ya zauna da taurarinsa uku da rabi na halal. Littafin Karin Magana sura 11 ya buɗe da cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin da aka yi wa algus. Taurarin nan mudu ne da jama'a suke awo da shi, wanda kuma ya ƙara tauraron da bai cancanta ba ya bubbuge gindin mudun ne.

Abin da ya sa na kawo maganar nan cikin littafin ibada shi ne, a wurinmu ba kuɗi ne ya fi jawo mu ciki ba, zumunci ne. Ɗan'uwa a ikkilisiya ya buɗe shagon gyaran waya ko ɗakin ɗinki, bayan sujada sai ya tura wa kowa saƙo, a taimaka a ba shi taurari biyar. Wa zai ƙi? Tare kuke raira waƙa, kai ka riƙe masa yaro ranar baftisma. Sai ka rubuta cewa aikinsa ba na biyunsa, alhali ko maɓalli bai taɓa ɗinka maka ba. Ƙauna ce ta motsa ka, ban musa ba, amma ƙaunar ta tsaya a ƙofar majami'a, ta bar baƙo a waje, shi kuwa Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misalinsa a Luka 10 wanda bai sani ba ya tsaya wa.

Kuma taimakon yakan juye. Ran da aka liƙa gargaɗi a shafin ɗan'uwan nan, mai karatu ba zai iya rarrabe shaidar gaskiya da ta zumunci ba, sai ya watsar da su duka, har da ta matar da ta ji daɗin ɗinkin da gaske. Su ma kamfanonin akwai nauyi a wuyansu, domin abokin gāba yana iya cika shafin mutum da yabon bogi don a kama shi, shi ya sa Maimaitawar Shari'a 19 ta umarci alƙalai su bincika sosai kafin su ce mutum ya yi shaidar zur.

Idan saƙon ya iso wayarka, ba sai ka yi shiru ba, ba kuma sai ka yi masa wa'azi ba. Ka kai masa yadi ya ɗinka maka riga, ka biya kuɗin aikinsa cikakke, ka sa ta ka ga yadda ta zauna. Sa'an nan ka rubuta abin da ka gani. In hannun rigar ya ɗan gajarce, ka fara gaya masa tsakaninku ya gyara, ka kuma rubuta cewa ya gyara.