Shin kai gurgu kallon ƙwallo alfarma ce ko haƙƙinsa ne?



Yau muna so mu yi tunani tare a kan wata magana. Wasu za su ce ƙarama ce. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke hukunci da kanku.

Ranar da ake babban wasan ƙwallo a filin wasa na garin Difa, samari sukan taso daga ko'ina. Wasu daga Shetimari, wasu daga Geskeru, wasu ma daga Maine-Sorowa, mai nisan kilomita 70 da ɗoriya. Kowa ya tsaya bakin kwalta ya tsai da mota, ya biya, ya shiga. Amma akwai wanda ba a cika gani cikin wannan taro ba. Shi ne mutumin da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa: mai tafiya da sanda, mai keken guragu, mai jan jiki, da tsohon da gwiwa ta gaza masa.

Ba don ba su son ƙwallo ba ne. Hanya ce ta hana su.

Mu bi shi daga gida zuwa fili

A ce ga wani manomin tattasai a wani ƙauye na bakin Komadugu. Shan inna ta taɓa shi tun yana yaro. Yana da kekensa mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Yana noma, yana da iyali, yana biyan haraji. Yau yana so ya ga wasa da idonsa.

Wahala ta farko ita ce rairayi. Daga ƙauye zuwa kwalta keke yakan nutse, sai an tura. Idan kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2019 da 2022, hanyar ma takan yanke.

Wahala ta biyu ita ce mota. Motocin ƙauye dogaye ne, kuma cike suke da buhuna da mutane. Mai ƙafa biyu ma sai ya yi tsalle. Shi kuwa sai an ɗaga shi, sannan a ɗaga kekensa. Nan ne yaron mota zai ce: "Baba, kai kuɗinka daban, keke kuɗinsa daban." Wani direban ma da ya hango keke ba ya tsayawa.

Wahala ta uku tana cikin gari. Daga tasha zuwa fili akwai tafiya. A shekarar 2015, bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur a jihar har tsawon shekaru. Kowa ya ji jiki a lokacin. Amma mai lafiya ya koma tafiya a ƙasa. Wanda ba ya da ƙafar tafiya fa? Ya zauna gida. A-daidaita-sahu ta fi babur sauƙin hawa, amma ita ma ba ta da wurin ajiye babban keke.

Wahala ta huɗu tana bakin ƙofa. Turereniya, ƙaramar ƙofa, da matakala. In ya samu ya shiga, sai mutane su miƙe tsaye a gabansa, ba ya ganin komai sai bayan riguna.

Abin da wasu ke cewa

Wani zai ce: "Ƙwallo ai ba abinci ba ne, ba magani ba ne. In asibiti zai je, mu ɗauke shi. Amma kallo? Ya zauna ya saurara a rediyo."

Wannan magana tana kama da gaskiya, amma mu dube ta da kyau. Mai faɗin haka, shi ma yana da rediyo. Me ya sa bai zauna gida ba? Domin ya san gani ya kori ji. Ya san daɗin zama cikin jama'a, da ihu tare da su, da gardamar da za a yi gobe a kasuwa. Abin da ya ga ya dace da kansa, don me bai dace da ɗan'uwansa ba?

Mutum ba ciki ba ne kawai. Akuya in ta ci ta sha, ta gama. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar a ƙirga da shi. Shi ya sa muke zuwa suna, da biki, da kokowa. Lokacin da aka yi bikin Difa Ngla ranar 18 ga Disamba 2021, da lokacin da aka kawo kokowar takobin ƙasa a Difa a ƙarshen 2022, jama'a sun yi murna domin gari ya daɗe cikin tsoro. Taro ya nuna cewa gari yana da rai. Wanda aka bari a gida ranar murna, an gaya masa cewa shi ba ɗan gari ba ne, ko da ba a furta da baki ba.

Sadaka da haƙƙi ba ɗaya ba ne

Mu mutane ne masu tausayi. In mun ga gurgu a tasha, hannunmu yakan shiga aljihu. Wannan hali ne mai kyau. Amma manomin nan bai zo bara ba. Da kuɗinsa ya zo. Wuri yake nema a mota. In ka ba shi dala biyar, ka hana shi wurin zama, ka ba shi abin da bai roƙa ba, ka hana shi abin da yake nasa.

Sadaka, mai bayarwa ne ke da iko: in ya so ya ba da, in ya so ya hana. Haƙƙi kuwa ba a roƙonsa. Hanya ta kowa ce. Fili na kowa ne, domin da dukiyar ƙasa aka gina shi.

Doka ma haka ta ce. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya kan haƙƙin naƙasassu, kuma Nijar ta karɓe ta a 2008. Sashe na 9 ya yi magana kan hanyoyi, da gine-gine, da motocin haya. Sashe na 30 ya yi magana kan wasanni da nishaɗi. A cikin gida ma akwai dokar 1993, da wadda aka yi a 2019 don shigar da naƙasassu cikin harkokin jama'a. Amma takarda ba ta ɗaga keke ta ɗora bisa mota. Hannun mutum ne ke yi.

To, direba fa?

Kada mu ɗora wa direba laifi duka. Shi ma abinci yake nema. Mai yana da tsada, taya tana da tsada. Keke yana cin wurin buhu biyu. In aka ce shi kaɗai zai ɗauki asarar kullum, ba a yi masa adalci ba.

Amma mu tuna abu ɗaya. Keken gurgu ba kaya ba ne, ƙafarsa ce. Ba a taɓa cewa fasinja ya biya kuɗin ƙafafunsa daban ba. Saboda haka nauyin ba na gurgu ba ne shi kaɗai, ba kuma na direba ba ne shi kaɗai. Na gari ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da za a iya yi ba tare da jiran kuɗi daga Yamai ba:

Direbobin tasha su yi shawara, su sa ƙa'ida cewa kujerar gaba ta mai rauni ce, kuma su raba ɗaukar keke a tsakaninsu bi da bi.

Samarin fada da za su je kallo su biya ta gidan ɗan'uwansu. Mutum biyu sun isa su tura keke cikin rairayi.

Masu shirya wasa su ware ƙofa ɗaya, da wuri a gaba cikin inuwa.

Kafin ka ɗaga mutum, ka tambaye shi: "Malam, yaya kake so a kama ka?" Shi ya fi kowa sanin jikinsa. Kada a ɗauke shi kamar buhun tattasai.

Yau shi, gobe wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6, ɗaya yana da wata naƙasa. A 2020 an bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, kuma a Borno, maƙwabciyarmu, aka ga ta ƙarshe a 2016. Amma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu. Ga kuma haɗarin mota, da nakiyar da aka binne a hanya, da tsufa. Babu wanda ya yi alkawari da ƙafarsa.

Kada kuma mu ɗauka cewa kallo kawai suka iya. A 1988 wani mutumin Kano, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, wanda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai taya. Wasan ya bazu a Najeriya har ya ƙetara iyaka. Masu ƙafa biyu ne ke zuwa kallonsu.

Jama'a, ku kai wannan magana ajin karatu, ku tattauna da malaminku. Ku ƙirga mutum nawa ne a ƙauyenku ba su taɓa zuwa filin Difa ba saboda ƙafa. Sannan ku tambaye su ko suna so su je. Ranar wasa mai zuwa, ku tanadi wuri guda a mota.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.