Ranar da Malami Zai Sauka daga Jirgi

Karatu: 2 Timoti 2:1-2, Yakubu 3:1

A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa tun 1964. A ƙaramin jirgin koyo, ɗalibi yana zama a kujerar hagu, malami a ta dama, kowa da sitiyari a gabansa. In ɗalibi ya yi kuskure, nan take malami ya karɓe tuƙi.

Amma akwai ranar da malami zai buɗe ƙofa ya sauka, ya bar ɗalibin ya tashi shi kaɗai. Kafin ranar, sai ya sa hannu a littafin ɗalibin cewa ya isa. Daga nan yana ƙasa yana kallon sama, hannunsa ba ya kaiwa. Abin da ya zuba a cikin yaron ne zai tashi tare da shi.

Kuma ba da baki kaɗai ake zubawa ba. Kafin kowane tashi ana zagaya jirgi, a duba fukafukai da tayoyi, a tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki a ga ko ruwa ya shiga. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma yana iya kashe inji a sararin sama. Malamin da ya tsallake wannan don yana sauri ya riga ya koyar da darasi, ko bai ce uffan ba. Wata rana yaron nan zai ɗauki iyayen wasu da 'ya'yansu, da wannan halin a jikinsa. A ganina, laifin nan yana wuyan wanda ya sa hannu.

Ɗan'uwa, wa ke zaune a hagunka? Ɗanka ne, ko yaran makarantar Lahadi, ko sabon tuba da ke kallon yadda kake addu'a da yadda kake yi wa matarka magana? Bulus ya yi shekaru yana tafiya da Timoti kafin ya bar shi a Afisa. Yakubu kuwa ya gargaɗe mu cewa shari'ar masu koyarwa za ta fi tsanani. Kai ma za ka sauka, ko da tafiya, ko da tsufa, ko da kiran Ubangiji.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini abin da nake tsallakewa a gaban waɗanda ka danƙa mini. Ruhu Mai Tsarki, ka zauna da su ranar da ba na nan. Cikin sunan Yesu, amin.