Ɗan Faskari a Teburin Faransawa: Halas ko Fariya?

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su gaya mana ko har da ilmin ciki ba. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in hutu ya zo, da yawanmu Maraɗi muke nufa. Mu bi ta Katsina, mu faɗa Jibiya, mu ƙetare iyaka, domin can ma gida ne tun da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma bayan jihadi. Mai ɗan hali kuwa sai ya zarce Yamai. To, a nan ne ɗan manomi kan tsinci kansa a ƙofar gidan abinci irin na Faransawa, waɗanda suka mulki Nijar har zuwa 1960, yana wasiwasin ya shiga ko ya wuce.

Wannan wasiwasi ya cancanci a dube shi, domin ba na rowa ba ne. A gida mun baro gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa, kuma har yau ba mu manta da Disambar 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Shin ya dace mutumin da ya fito daga irin wannan wuri ya zauna ana jera masa faranti bayan faranti, alhali kuwa maƙwabcinsa na neman tiyar masara?

Amsarmu ita ce ya dace, amma da sharuɗɗa uku, kuma su ne ma'aunin zaɓen wurin da za a shiga.

Na farko, tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Girkin Faransawa yakan haɗa da giya a cikin miya, da naman alade a ɓoye cikin abin da ido ba zai gane ba. Gidan abincin kirki shi ne wanda mai kawo abinci zai tsaya ya faɗa maka abin da ke cikin tukunya ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ya ji kunyar tambaya don kada a ce masa baƙauye, ya sayar da addininsa a kan farashin kunya.

Na biyu, daidai ruwa daidai tsaki. Al'adarsu ce a kafa jerin abinci da kuɗinsa a bakin ƙofa, saboda haka mutum ya karanta, ya lissafa sefar da ke aljihunsa tun bai zauna ba. In kuɗin makarantar yara ne ko na taki, to ya wuce, ya sayi dogon burodin nan nasu da ƙwai a bakin titi, babu abin da ya ragu daga mutuncinsa. In kuwa rarar guminsa ce, kuma ya fitar da haƙƙin dangi da na mabukata, ba mu ga laifinsa ba. Kalmar da suke kiran gidan abinci da ita ma asalinta sunan wani romo ne da ake sayarwa a Paris a ƙarni na 18 don maido wa gajiyayye ƙarfi. Wa ya fi mutumin da ya shekara cikin fargaba bukatar a maido masa da ƙarfi?

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne niyya. Akwai mai shiga don ya ci, akwai mai shiga don a ce ya ci. Na biyun shi ne zai dawo Sabuwa yana yatsina fuska a gaban tuwon mahaifiyarsa. Wannan ya biya kuɗi amma bai fahimci abin da aka ba shi ba, domin sirrin teburin Faransawa ba cokali mai yatsu ba ne, girmama abin gida ne. Cukunsu sunan ƙauyen da aka yi shi yake ɗauka, kamar na Rokfor da doka ta kare sunansa tun 1925. A 2010 hukumar Unesko ta sa zaman cin abincinsu cikin kayan gadon duniya, a 2022 ta ƙara da wancan dogon burodi da talakansu ke ci kullum. Wato abin da muke yi wa kallon ƙasaita, a wurinsu tuwon gida ne da suka ƙi rainawa.

Mu fa? Masarar Faskari da ta Sabuwa takan bar kasuwar Sheme da ta Dandume cikin manyan motoci, ta ciyar da birane, ba wanda ya san sunan ƙauyen da ya noma ta. Daddawarmu da man shanunmu da furarmu ba su da marubuci, sai mai ci ya share baki.

Saboda haka, ya mai karatu, in hutu ya kai ka can, shiga, tambaya, ci a natse, kada ka yi gaggawa, domin su ma ba sa yi. Amma in ka dawo, gwajinka yana gaban akushi. In tuwon masara da miyar kuka sun ƙara daraja a idonka, har ka tuna da manomin da ya yi kasadar ransa ya shiga gona, kuɗinka bai tafi a banza ba. In kuwa sun ragu, to kwaɗayi ne ya kai ka, ba ilmi ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu ci halas.