Rufin Asiri ko Rufa-rufa?

Daga 2007 zuwa 2011 tashar ABC Family ta Amurka ta nuna wani wasan kwaikwayo na matasa mai suna Greek. Labarin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ne na ɗalibai a wata ƙagaggiyar jami'a, Cyprus-Rhodes. A irin waɗannan ƙungiyoyi sabon shiga ba ya zama ɗan gida kai tsaye. Sai ya yi makonni yana bauta: a aike shi, a wulaƙanta shi, ya rantse cewa abin da ya gani a gidan ba zai fita ba. Tambayar da wasan ya bar mana ita ce: in ka yi alkawarin shiru, sannan ka ga ana cutar wani, wa ka ci amanarsa in ka yi magana, wa kuma ka ci amanarsa in ka yi shiru?

Tun a kashi na farko Rusty, ɗan ajin farko, ya ga saurayin yayarsa Casey, wato Evan, da wata yarinya. Evan babba ne a ƙungiyar da Rusty ke sha'awar shiga. Yaron ya gaya wa yayarsa. Daga baya budurwar Rusty ɗin, Jen K, ita ma sabuwar shiga a ƙungiyar 'yan mata, ta kwashe asiran gidajen ta buga a jarida. Hukumar jami'a ta matsa wa kowa, kowa kuma ya huce a kan Jen. Waɗanda suka aikata abubuwan da ta rubuta fa? Su ne ma kan gaba wajen kiranta maci amana. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

To amma kada mu haɗa su biyun a kwando ɗaya. Rusty ya kai magana ga wadda ake cuta, ita kaɗai. Jen ta tara labari da sunan ƙawance, ta baza wa duniya, sunanta ya fito. Ka ga faɗin gaskiya ma yana da ladabi: wa ka faɗa wa, don me, kuma gwargwadon me.

Wasa ke nan, a yi dariya a tashi. Ga na gaske. Daren 2 ga Fabrairu 2017, a Jami'ar Penn State, an ɗura wa wani sabon shiga ɗan shekara 19, Timothy Piazza, giya kofi 18 cikin minti 82. Ya faɗo daga matakala. Wani ƙaramin ɗan ƙungiyar ya ce a kai shi asibiti, aka hankaɗe shi. Sai bayan kusan awa 12 aka kira motar asibiti. Ranar 4 ga wata ya rasu. A 2018 jihar Fensilbaniya ta kafa dokar hana azabtar da sababbin shiga, da sunansa. Abin lura, shi ma ai ɗan'uwansu ne bisa rantsuwar. Da aka zo zaɓe tsakanin ransa da sunan gidan, sunan gidan aka kare.

Mu mazauna Sabo mun san darajar rufin asiri fiye da kowa. Baƙo in bai riƙe ɗan'uwansa ba, wa zai riƙe shi? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai rufin asiri daban, rufa-rufa daban. Na farko yana suturta mai rauni: wanda ya karye a kasuwa, wanda ya yi kuskure ya tuba. Na biyu yana suturta mai ƙarfi don ya ci gaba da ɓarna. Ma'aunin mai sauƙi ne: shirun nan nawa, wa yake karewa, wa kuma zai biya kuɗinsa?

Haka ma rabon laifi. A irin waɗannan ƙungiyoyi laifi kamar ruwa yake, gangare yake bi, ya taru kan ƙaramin da ba shi da ta cewa. Adalci kuwa sama ya kamata ya fara dubawa: wa ya ba da umarni, wa yake da ikon cewa a daina? Wannan bai wanke ƙarami ba. "Sa ni aka yi" yana rage nauyi, ba ya sauke shi, don hannun da ya miƙa kofin nasa ne.

Kada a ce wannan can Amurka ne. 'Ya'yanmu suna jami'o'in kudu, kuma ba mu manta da 10 ga Yuli 1999 ba, ranar da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife. Kafin yaro ya ɗauki jaka, a zaunar da shi a gaya masa: duk zumuncin da sharaɗinsa shi ne ka ga ana halaka mutum ka kau da kai, ranar da kai ne a ƙasa haka za a kau da kai.